Kantin caca ya koma aljihu: ina wanda ya kamu zai kai kukansa?

Daga Shahuci, mutum da ƙafarsa zai iya isa kusan duk inda Bakano ke kai damuwarsa. In jiki ne ya ƙi daɗi, ga asibitin Murtala nan kusa. In rigimar gado ce, ko ta aure, ko ta bashi, ga kotunan shari'a. Unguwar ma ta daɗe da sanin alƙalai, tun makarantar horar da su da aka buɗe a nan a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. In kuka ne na talaka, fadar Sarki a Ƙofar Kudu ba nisa. In jari ne ya karye, ga Rimi ga Kurmi, da wuya a rasa ubangidan da zai ba mutum kaya ya juya. Amma akwai damuwar da ba a tanadar mata ƙofa ba a duk kewayen nan: ta saurayin da ya kwana yana buga cacar ƙwallo a waya, ya cinye kuɗin da ba nasa ba, yana son ya daina ya kasa. Ya je asibiti ya ce me ke damunsa? Ya je wurin malam ya fara da wace kalma? Ga doka laifi ya yi, ga addini saɓo ya yi, ga gida abin kunya ya jawo. Saboda haka sai ya yi shiru, ya sake bugawa.

Kamfanonin caca suna da wata 'yar magana da suke maƙalawa a ƙasan tallarsu da ƙananan haruffa, wai sai ɗan shekara 18 zuwa sama, kuma a buga cikin hankali. A Kano maganar nan ba ta da wurin zama. Musulmi ya san Alƙur'ani ya haɗa caca da giya a wuri guda, a Suratul Baƙara da kuma Ma'ida, ya san babu wani gwargwado da aka ce in an tsaya a kansa ya halatta. Dokar shari'a da jihar ta ɗauka a 2000 ta hana ta. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake son a lura da shi shi ne, mai talla da ke cewa a yi a hankali, da mai wa'azi da ke cewa kada a kusanta, dukkansu suna magana ne da wanda linzaminsa ke hannunsa har yanzu. Wanda linzamin ya riga ya suɓuce masa, babu mai yi masa magana.

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta fara rufe shagunan cacar ƙwallo, ta rufe 30 a unguwa guda tun a ranar farko. Mataimakin kwamandanta, Mujahid Aminuddeen, ya bayyana cewa koke-koken iyaye da shugabannin unguwanni ne suka tashe su, kuma da yawa daga shagunan da sunan gidan wasan bidiyo suka karɓi izini, daga baya suka rikiɗe. An ɗan ja daga da hukumar tarayya mai ba da lasisin irin waɗannan harkoki. Sai ga shi ranar 22 ga Nuwamba na shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, hurumin majalisun jihohi ne. Legas ta nemi hukuncin ne don ta riƙa karɓar harajinta. Kano ta same shi ta ce ita rufewa za ta yi. Hukunci ɗaya, kowa ya ɗebi abin da yake so.

Rufe shagunan daidai ne, musamman waɗanda ke dab da makarantu suna karɓar kuɗin tarar yara. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wanda ke da waya da asusun OPay ko PalmPay ba ya bukatar shago. Yana zaune a benci wurin mai shayi, kofi a hannun hagu, babban yatsan dama yana aiki, na kusa da shi ya ɗauka hira yake da budurwa. A da, ɗan caca sai ya tashi takanas ya nufi kango ko bayan gari inda ake baza karta, wani ya gan shi, magana ta kai gida kafin ya koma. Kunyar nan ita ce katangar da ta tsare mutane da yawa. Yanzu ana iya cinye albashin wata a ɗakin uwa, tana gefe tana tankaɗe.

Cacar kuma ta sauya riga. Tsohuwar caca sunanta caca, mai yinta ya san abin da yake yi. Ta yanzu ta shigo ne ta gidan kallon ƙwallo, ta sa rigar Arsenal da ta Madrid, ta ce wa yaro ba sa'a ba ce, ilimi ne. Ka san wanda ya ji rauni, ka san wanda ke cin wasa a gida, ka san kocin da aka kora, me zai hana iliminka ya kawo maka kuɗi? NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, sannan SportyBet da BetKing da sauransu suka biyo baya, daidai lokacin da waya mai intanet ta yi arha. Daga baya ma aka daina jiran Asabar da Lahadi. Akwai wasannin da kwamfuta ke bugawa da kanta, kaka guda ta ƙare cikin ɗan lokaci a sake sabuwa, akwai kuma ɗan jirgin nan na Aviator da ke tashi ya ɓace cikin daƙiƙoƙi. A nan babu ko ƙaryar ilimin ƙwallo. Kuɗi ne kawai ke fita da sauri.

Bari mu tsaya a kan maganar da ta fi kowacce yawa a bakin masu bugawa: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min." Za ka ga saurayi ya ajiye hoton tikitin a waya yana nuna wa abokai, wasa 15 ya jera, 14 sun shigo, ɗaya ya ƙi, kuma a minti na 90 aka zura ƙwallon. Naira 200 ya sa, da dubu ɗaruruwa zai kwasa. A ransa ya kusa, saura ƙiris, gobe sai ya gyara. To a yi lissafi. A ɗauka gwani ne na gaske, duk wasan da ya zaɓa yana da damar shigowa kashi 70 cikin 100. In ya jera 15, damar su shigo gaba ɗaya ba ta wuce sau 1 cikin kusan 210 ba. Damar a ce ɗaya tak ne ya yanke kuwa ta ninka wannan fiye da sau 6. Wato abin da yake gani alamar ya kusa, shi ne abin da lissafi ya ce zai riƙa faruwa da shi a kai a kai ba tare da ya ci ba. Ba tsautsayi ba ne, ba kuma sammu ba ne. Haka aka gina abin.

Akwai kuma ladan da kamfani ke yanka a cikin kowane farashi da ya sa wa wasa. A ce naira 5 ce cikin kowace 100 a wasa guda. In ka haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, ladan nan haɗuwa yake yana ninkuwa, har ya zama a tsawon lokaci kusan naira 60 ce ke komowa hannun masu bugawa daga kowace 100. In wasa 20 ne, ba ta kai 36 ba. Shi ya sa suke ƙara wa mai dogon tikiti garaɓasa, suna yi masa kirari. Babu ɗan kasuwar Kurmi da zai sa jarinsa a harkar da ya san haka lissafinta yake. Amma ba a gaya wa yaro wannan, hoton wanda ya ci miliyoyi ake nuna masa.

Shi ya sa maganar a buga cikin hankali ba ta burge ni ko a inda caca ba laifi ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin 100 na baligan mutanen duniya suna fama da cutar caca, kuma kimanin kashi 60 na kuɗin da kamfanonin ke samu daga aljihun waɗanda cacar ke yi wa illa yake fitowa. Wani kwamitin masana da mujallar lafiya ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a Oktoban 2024, ya ce mutum kusan miliyan 80 ne suka kamu sosai, kuma kusan miliyan 450 abin ya taɓa su ta wata fuska. Kasuwar da fiye da rabin cinikinta daga marasa lafiya yake, in kowa ya yi hankali da gaske, rufewa za ta yi. Amfanin 'yar maganar a wurinsu shi ne in mutum ya faɗi, a ce shi ne bai yi hankali ba.

Ingila, inda ƙwallon da yaranmu ke mutuwa a kai take, ta gane haka da kanta. A 2019 ta rage abin da za a iya sawa a bugu ɗaya a injinan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2. A 2020 ta hana yin caca da katin bashi na banki. Suna da tsarin GamStop, wanda mutum zai sa sunansa sau ɗaya a toshe shi daga duk kamfanonin cacar intanet da ke da lasisi a ƙasar. A 2023 kulob-kulob ɗin Firimiya suka amince za su cire tallar caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. A shekarar ce kuma aka dakatar da 'yan ƙwallo Ivan Toney wata 8, da Sandro Tonali wata 10, kuma dukkansu an tabbatar cutar caca ce ke damunsu. Waɗannan mutane ne da ke ɗaukar a mako abin da malamin firamare a Kano ba zai gani ba a rayuwarsa, kuma suna cikin fili, sun fi kowa sanin ƙwallo. In ilimin ƙwallo ko wadata na tsare mutum, da su ta fara tsarewa.

Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da saurin cewa talauci ne kawai. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya kai iyali ko'ina. Mai digiri da ke tuƙa adaidaita sahu, ya biya mai babur kuɗin yini, ya sha mai, ya ga ragowar ba ta isa cefane ba, ba abin mamaki ba ne in ya ce bari ya gwada 500. Ƙishirwar da ta kai mutane ga damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025 ita ce dai. Talauci ne ke kawo mutum bakin ƙofa. Abin da ke hana shi fita kuwa wani abu ne daban, kuma likitoci sun ba shi suna. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sa caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a kundinta na cututtuka. Mu da muka san illar kodin da tiramol a garin nan, bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Bambancin kawai, wannan ba ta wari, ba ta sa ido ja, ba ta sa tangaɗi.

To ta yaya ake ganewa? Ba da yawan kuɗin ake aunawa ba. Babbar alama ita ce bin sawun asara: mutum ya daina bugawa don ya samu, ya koma bugawa don ya maido abin da ya tafi. Daga nan ne kuɗin mutane ke shiga. Yaron shagon tela, ana saura mako biyu Sallah, an ba shi kuɗin zare da na aikin surfani ya kai, ya ce bari ya juya su zuwa dare ya mayar, ba wanda zai sani. Dare ya yi babu su. Washegari ya taɓa kuɗin ɗinkin wata Hajiya don ya cike na jiya. Ranar da maigidan ya tsare shi, "Kai, ina kuɗin Hajiya?" sai ya ce, "Maigida, na tura, netwok ne ya riƙe." Ƙaryar nan ita ce alama ta biyu, kuma takan zo wa yaron da ba a taɓa saninsa da ƙarya ba. Sai adadin ya riƙa hawa, 200 ta daina motsa masa rai sai 2,000. Sai ya yi rantsuwa ya daina, ya goge manhajar, kwana biyu ya kasa barci, ya riƙa faɗa da kowa, ya sake saukewa. Sai waya ta tafi jingina, kwasar adashe ta ɓace, manhajojin bashi su fara kiran 'yan uwa suna cin mutunci. Likitoci suna da alamomi 9, in mutum ya haɗa 4 cikin shekara guda sun ce ya kamu. Akwai ma gajeren gwaji na tambaya biyu: ka taɓa jin dole sai ka ƙara yawan kuɗin da kake sawa? Ka taɓa ɓoye wa na kusa da kai gaskiyar abin da ka sa? In ɗaya ta zama e, lokacin magana ya yi.

Mata ne suka fi saurin gani, su kuma aka fi hana faɗa. Matar aure ta ga kuɗin cefane na raguwa alhali kasuwa ba ta mutu ba, ta ga maigida yana juya mata baya da waya ƙarfe biyun dare, ta fara zargin kishiya ce ke tafe. Ta nemi ɗan kunnenta na gwal ta rasa. In ta kai ƙara gida a ce, "Ki yi haƙuri, ki rufa wa mijinki asiri." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mutum ɗaya da caca ta kama, kusan mutum 6 ne ke shan wahalarsa. A gidajenmu na cikin birni, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke cin tukunya ɗaya, ina jin adadin ya fi haka.

Idan asiri ya tonu, abu biyu muka saba yi, kuma duka biyun ba sa aiki. Na farko, a taru a biya bashin a ɓoye. Umma ta sayar da akuyarta ko ta karɓi adashe, Yaya ya cika, a sa yaro ya dafa Alƙur'ani ya rantse, a ce magana ta mutu. An share masa fage ke nan. Wata uku sai ga sabon bashi da ya fi na farko. Na biyu, duka da kora, ko a kai shi gidan mari. Abin da aka gano a irin gidajen nan a Rigasa da Daura a 2019, mutane cikin sarƙa da tabon bulala, ya isa ya hana kowane uba tunanin wannan hanya.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, kuma yana ɗaukar lokaci. A raba shi da kuɗi tukuna, da yardarsa: katin banki da asusun waya su koma hannun wani babba da yake jin nauyinsa, Baffa ko Kawu ko Yaya, a riƙa ba shi na kashewa kullum. A rufe asusunsa na kamfanonin, ba goge manhaja kawai ba. In ta kama ya koma ƙaramar waya mai tocila na wasu watanni, ya koma. A zauna a rubuta bashin duka a takarda, har wanda yake jin kunyar faɗa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda aka ɓoye shi ne zai mayar da shi. A je wa masu bashin a nemi sassauci, shi zai biya da guminsa kaɗan-kaɗan, ba dangi ba. Ya huta da gidan kallo da zauren WhatsApp ɗin da ake raba lambobin tikiti. In ya koma ya buga bayan wata biyu, kada a ce an gama da shi. Masu jinyar irin wannan sun san komawa na cikin tafiyar.

Sannan a kai shi wurin likita, kuma a nan ne muke da nauyin ƙafa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Matsalar ita ce sunan Dawanau kaɗai ya isa ya sa a fasa auren yaro, don haka iyaye sun gwammace su yi ta rufa-rufa. Amma jinyar caca galibi zama ne da tattaunawa, a koya wa mutum gane tunanin da ke ingiza shi da yadda zai kauce masa, a kuma duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, wanda sau da yawa akwai. Ba a ɗaure kowa. Addu'a da istigfari da zama da malamin kirki suna da babban wuri, ba kuma sa hana ganin likita, kamar yadda ba sa hana mai ciwon suga shan magani.

Akwai lokacin da ba a jira. In mai bashin caca ya fara cewa "gara in mutu in huta," ko "da ba na nan da kun huta," ko ya yi ta neman gafarar mutane ba dalili, ko ya yi wani irin sanyi bayan kwanaki yana firgice, kada a ce wasa yake, kada a tsaya yi masa wa'azin wuta. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu cutar caca na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari, domin bashi da kunya sun haɗu musu.

Tun da Kotun Ƙoli ta miƙa wa jihohi wuƙa da nama, Kano ba ta da sauran uzurin cewa Abuja ce. Amma ikon hanawa rabin aiki ne. Hisbah, wadda aka kafa hukumarta a 2003, ta fi kowa sanin cikin gidajen mutane, kullum tana sasanta ma'aurata, kuma na tabbata a cikin shari'o'in rashin ciyarwa da ke zuwa gabanta akwai waɗanda tushensu tikiti ne. Me zai hana ta bayyana a rediyo cewa duk wanda ya kawo kansa, ko iyalinsa suka kawo shi, ba kamu ba ne, ba za a ɗauke shi a bidiyo ba, ba za a aske masa kai ba, takardar ganin likita za a ba shi? Me zai hana a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi tambayoyin nan biyu, su riƙa yi wa matashin da ya zo da rashin barci da ciwon kai da faɗuwar gaba? Limamai kuma, bayan sun karanta ayar haramci a huɗuba, su ƙara da cewa wanda ya riga ya faɗa ciki ya zo bayan salla, a faɗa masa ranar da likita ke zama da kuma ɗakin da zai nufa.